Dattijuwa da Mai Dusa

Yayana ba ya son mutane, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Duk unguwa da Mai Dusa aka san shi, domin shekara talatin da 'yan kai sana'arsa ɗaya ce. Da safe ya ɗaura wa jaki amalanke, ya tafi layin masu yanka katako ya cika buhuna da dusar katako, ya bi gidajen masu kiwon kaji yana sauke musu ta shimfiɗa, abin da ya rage ya kai gidan burodi a hura wuta da shi. Gida bakwai ne da gidan burodi ɗaya, kullum su ne, kullum a jere ɗaya. In ka gaishe shi a hanya sai ya ga dama ya amsa. Amma dabbar da ke jan amalanken nan, ita kam tana shan hira har ta gaji.

Jaka ce mace, toka-toka, da tabon wani tsohon ciwo a kafaɗar hagu. Dattijuwa yake kiranta. Shekara goma sha huɗu suka yi tare, kuma a cikin shekarun nan ban taɓa ganin ya ɗaga mata sanda ba. Ita ake fara ba ruwa kafin ya sha. In an yi ruwan sama, buhun da ya kamata ya rufa a kansa ita yake rufa wa.

Ni ce autar gidanmu. Tun da mijina ya rasu na dawo gidan Yaya da keken ɗinkina, ya ba ni ɗakin da ke kusa da ƙofa. 'Ya'yansa suna ce mini Gwaggo, shi kuwa har yau Auta nake a bakinsa, ko da yake furfura ta gama da kaina. Wata rana haushi ya ishe ni na ce masa, "Yaya, wai me kake gaya wa dabbar nan wanda mu ba mu isa mu ji ba?"

Ya ce, "Auta, ita in ta gaji sai ta tsaya. In na yi mata nauyin kaya, ko ƙafa ɗaya ba za ta ɗaga ba. In tana jin haushina sai ta juya mini baya. Ke kuwa in kina jin haushina sai ki kawo mini shayi kina murmushi."

Na ce, "To daga yau na daina kawowa."

Ya ce, "Kin gani ko? Ko wannan ma ƙarya ce."

Kuma ƙaryar ce. Da yamma na kai masa.

Ba haka aka haife shi ba. Da ƙuruciya Yaya ɗan hira ne na ƙarshe, yana da wani tsohon babur mai tusa hayaƙi, kuma babu majalisar da ba shi da benci a cikinta. Rashin lafiyar matarsa ce ta juya shi. Ta yi wata uku a gadon asibiti, sai likita ya kira mu gefe, ni da babban ɗansa, ya ce sai dai addu'a, kwana kaɗan ya rage. Muka haɗa baki kada a gaya wa Yaya, wai zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Kowa ya sani, surukai da maƙwabta, har matar da ke share ɗakin. Shi kaɗai yake shigowa da lemo a leda yana tambayar ranar da za a sallame ta. Safiyar da ta cika, ya tsaya a bakin gado yana juya hula a hannu, ya ce ko dai ya zauna yau? Ni da bakin nan nawa na ce, "Je ka aikinka, Yaya, ai ta ji sauƙi." Ya tafi. Yana can yana cika buhu aka je aka kira shi.

Bai zage mu ba. Da ya zage mu da ya fi mana sauƙi. Bayan baƙi sun watse ya sayar da babur, ya daina zuwa majalisa, ya ɗauke kwanon abincinsa ya koma ci a rumfar jaka. Daga nan sai maganarsa da mutane ta koma ta aiki kawai: buhu nawa, a ina zan ajiye, sai gobe.

'Ya'yansa biyu ne. Babban shi ne muke kira Manaja, yana riƙe da wani gidan mai, mutum ne mai son a gan shi da guga a riga ko da wanka zai shiga. Sai ƙanwarsa, Nas, da take aiki a asibitin cikin gari. Da amalanken nan aka yi musu makaranta tun daga littafin farko har rigar kammalawa. Da suka zama mutane kuma, amalanken ne ya fara yi musu wari.

Yanzu bari in faɗi abin da babu ɗayanmu da ya sani, don a ji girman wautar da muka tafka. Yaya ya makance. Shekara shida ba ya ganin komai sai haske da inuwa, kuma muna gida ɗaya da shi, muna ci muna sha, ba mu lura ba. Ya fara sa baƙin gilashi, muka ce saboda dusa ne. In ka zo wurinsa sai ya yi shiru har ka yi magana ya gane murya, muka ce girman kai ne. Ya hana a matsar da komai a tsakar gida, ranar da na bar bahon wanki a kan hanyarsa ya yi mini faɗan da har maƙwabta suka leƙo, na ce tsufa ne ya zo masa da masifa. Ya daina zuwa kowane taro, muka ce dama ai ba ya son mutane. Mugun halin da muka liƙa masa shi ya rufa masa asiri, don babu mai tsayawa ya kalli fuskar masifaffe.

Dattijuwa ce ta sani. Ita take kai shi ta dawo da shi. Zai hau amalanke ya saki igiya a cinya, ta bi layi, ta tsaya a ƙofar kowane gida ba tare da an ce mata tsaya ba. A babban titi takan jira sai ta ga mutane sun fara tsallakawa ta bi su. Lokacin da aka haƙa layinmu za a sa bututun ruwa, ita ta nemo zagaye ta bayan makaranta. Muddin tana raye a rumfar nan, Yaya mutum ne mai fita da ƙafarsa ya ci guminsa. In babu ita, tsoho ne makaho a ɗaki. Wannan shi ne abin da muka zauna muka yanke shawara a kansa, alhali ba mu san ma abin da muke taɓawa ba.

A ɗakina aka yi zaman. Manaja ya share kujerar ɗinkina da hankici kafin ya zauna. Ya ce, "Gwaggo, abin nan ya ishe ni. Jiya ina tsaye da mai gidan da nake wa aiki, sai ga Baba ya wuce a kan buhuna. Mutumin ya ce, wancan ba mahaifinka ba ne? Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta buɗe in shige."

Nas ta ce, "Ni lafiyarsa nake dubawa, Gwaggo. Rana tana cinye shi a kan jakar nan, aikin awa biyu sai ya kai tsakar rana yana yi."

Shawararsu ita ce su haɗa hannu su saya masa babur mai ƙafa uku, irin na ɗaukar kaya, tun da ai a da ya iya babur. Jaka kuwa a rabu da ita ba da saninsa ba, don in aka tambaye shi ba zai yarda ba. Ni aka bar wa buɗe ƙofar baya. Kuma na yarda. Zan iya cewa tausayinsa ne ya sa, amma ba shi ba ne. Ƙudan rumfar nan suna sauka a kan yadin mutane, kuma in faɗi gaskiya kishin jakar nake yi. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, amma dabba ta fi ni jin muryarsa.

Sai zazzaɓi ya kwantar da shi, muka samu yadda muke so. Rana ta biyu da tsakar rana, Nas ta yi masa allura ya yi barci, Manaja ya shigo da dillalin dabbobi ta ƙofar baya. Dattijuwa ta kafe a bakin ƙofa. Dillali yana ja ta gaba, Manaja yana turawa ta baya da rigarsa mai guga, ta ƙi. Da ta ɗaga kai za ta yi kuka, na ruga ɗaki na ƙure rediyo. Har yau in na ji waƙar da ake yi a lokacin sai in kashe rediyon.

Washegari da safe na kai masa shayi, ya ce, "Auta, ban ji muryar Dattijuwa ba."

Na ce, "Tana nan lafiya, na ba ta ciyawa. Ta san ba ka jin daɗi ne ta yi shiru."

Ya ce, "Ki duba mata ruwa, ba ta son mai ɗumi."

Na ce to.

Rana ta biyar ya ji ƙarfin jikinsa. Tun da sassafe aka turo babur ɗin tsakar gida, ja wur, sabo fil, ledar kujera ma ba a cire ba. Matar Manaja ta ɗaura masa ribon, wani ƙyallen ado, a gaba. Aka tsayar da shi daidai tsakanin ƙofar ɗakin Yaya da rumfar jaka, wai don ya zama shi ne abin da zai fara gani. Muka jeru a gefe. Manaja ya ɗaga waya yana ɗauka, ya sa yatsa a baki kada kowa ya yi magana.

Yaya ya fito da gilashinsa da hularsa. Ya miƙe hanyar rumfa da irin takun da ya saba, ba sauri ba jinkiri. Babur ja ƙato a gabansa, rana ta fito tar. Ya tafi kai tsaye ya buga goshi da ƙarfen rufin, gilashin ya faɗi ƙasa.

Matar Manaja ta yi dariya, tana zaton wasa yake. Yaya ya miƙa hannu biyu yana shafa ƙarfen, ya shafa fitila, ya kamo ribon ya murza shi a yatsa. Ya ce, "Wa ya ajiye wannan a hanyata? Mene ne wannan?"

A ranar na fara ganin idanunsa babu gilashi cikin shekaru. A buɗe suke, amma ba sa kan komai. Nas ta matso a hankali ta kaɗa hannu a gaban fuskarsa, ko ƙiftawa bai yi ba. Ta ce, "Baba, yatsa nawa na ɗaga?"

Ya ce, "Ke ce nas, ƙirga abinki. Ina Dattijuwa?"

Manaja ya sauke waya. Ya ce, "Baba, dama mun ga ta tsufa ne, sai muka kai ta wata gona ta huta."

Yaya bai ko juya wajensa ba. Ya ce, "Auta, ke nake tambaya."

Na ce, "Mun sayar da ita, Yaya. Kwana uku ke nan."

Ya lalubo ƙasa ya zauna daɓas a tsakar gida, jini yana bin gefen hancinsa. Na taɓa ganin Yaya cikin fushi, amma ban taɓa jin muryarsa ta yi sanyi haka ba. Ya ce, "Shekara shida tana kai ni tana dawo da ni. Ba ta taɓa saka ni a rami ba, ba ta taɓa bari mota ta shafe ni ba. Ba ta je makaranta ba, ba ta da farar riga, amma wata guda bai cika ba ta gane ba na gani. Ku kuma ga ku nan da ido bibbiyu, ɗaya ma har albashi ake ba ta don ta duba marasa lafiya. Kun zauna kun yi shawara, kun sayar da idona, kun sayo wa makaho babur. Har da ribon."

Manaja ya ce, "Baba, wallahi don alheri muka yi."

Ya ce, "Na sani. Duk abin da kuka taɓa yi mini don alheri ne. Tashi ka kai ni inda ka kai ta."

Muka ɗunguma a motar Manaja zuwa kasuwar dabbobi da ke bayan gari. Aka bar Yaya a mota, ni da Manaja muka shiga neman dillalin, muka same shi a gindin wata rumfa yana sakace. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya girgiza kai. Ya ce tsofaffin jakuna ba mai sayensu don aiki, masu sayen fata ne suke kwashe su, kuma motar da ta ɗauki tamu ta tashi shekaranjiya. Ya faɗe shi kamar yana ba da labarin ruwan sama.

Manaja ya share zufa, ya waiwaya wajen mota, sannan ya rage murya ya ce wa dillali, "Ba ka da wata mai kama da ita? Toka-toka, mace. Tun da ba ya gani."

Ya juyo gare ni ya ce, "Gwaggo, don Allah kada ki ce komai. Zuciyarsa ba za ta ɗauka ba."

Ku ji fa. Awa guda ba a yi ba da mutumin nan ya zauna a ƙasa ya wanke mu tas, amma ga mu mun koma ga abin da muka iya. Kuma ni, babbar banza, na yi gum. Ina jin haushin Manaja har gobe, amma haushin da nake ji na kaina ya fi, domin shi yaro ne a gabana, ni kuwa na san inda irin wannan maganar ta taɓa kai mu.

Dillali ya jawo wata matashiyar jaka daga cikin garke. Nas ta riƙo hannun Yaya ta kawo shi. Dillali ya washe baki ya ce, "Baba, ka yi sa'a, ga abarka nan, saura kaɗan a loda ta."

Yaya ya ɗora tafin hannu a wuyanta. Ya bi da shi a hankali har kafaɗar hagu, ya tsaya a wurin da tabo ya kamata ya kasance. Jakar ta kwantar da kunnuwa, ta juyo ta cafki hannun rigarsa ta yage shi har gwiwar hannu. Nas ta yi ƙara. Shi kuwa sai ya yi dariya, wata irin dariya da ba na fatan in sake ji.

Ya ce, "Yawwa, 'yar albarka. Ba ki san ni ba, kuma kin faɗa." Ya ɗaga kai wajen da yake jin numfashinmu. "Mutum huɗu ne a tsaye a nan, uku jinina ne. Amma sai jaka ce ta gaya mini ba ita ba ce. Dillali, tawa ta tafi ko?"

Dillali ya sosa ƙeya ya ce, "Ta tafi, Baba."

Ya bar hannunsa a kan bayan jakar. Can ya ce, "Wannan fa, ina za a kai ta?"

"Motar gobe."

"Kwance ta. Da ni za ta."

Baƙuwa ya sa mata suna. Babur kuwa a ranar ya ce a fitar masa da shi daga gida kafin ya sa masa ashana, Manaja ya turo aka ɗauke.

Nas ta yi ta kuka da roƙo har ya yarda ya bi ta wurin likitan ido, sau ɗaya tak. Likita ya haska, ya auna, ya ce hawan jinin ido ne, kuma jijiyar ta riga ta mutu. Ya ce da an zo shekara bakwai baya, maganin ɗigawa kawai zai riƙe masa sauran ganinsa. Da muka dawo gida na kasa haƙuri. Na same shi a rumfa na ce, "Kai ma fa ba ka da gaskiya, Yaya! Kana zagin mutane da ƙarya, kai shekara shida kana yi mana ita da baƙin gilashi. Da ka buɗe baki sau ɗaya, da yanzu kana gani!"

Ya ce, "Da na buɗe baki, da kun shimfiɗa mini tabarma. Kin manta Babanmu da ƙafarsa ta mutu? Shekara huɗu a lungun ɗaki, ana magana a kansa kamar buhu. Ana shigowa a ce, Baba ya yi kyau yau, alhali yana ruɓewa. Ya tambayi gonarsa a ce tana nan, an daɗe da rabawa. Na gwammace in makance a kan amalanke da in gani a kan tabarmarku."

Na ce, "Wannan taurin kai ne."

Ya ce, "Shi ne. Amma nawa ne."

Na kwashe kwanukansa da ƙarfi na fita. Har yanzu ina ganin ya cuci kansa, kuma har yanzu ban iya ce masa ƙarya ya yi a kan Babanmu ba, don ni ce nake shiga in ce ya yi kyau.

Matsalar ita ce Baƙuwa ba ta san hanya ba, kuma makaho ba ya koya wa jaka hanya. Dattijuwa ta koya ne tun yana gani. Manaja ya ce zai ɗauko wanda zai riƙa yi masa jagora, Yaya ya ce in mutumin ya taka ƙofar gidan zai sa Baƙuwa ta cije shi. Masu kaji suka fara aiko tambaya, biyu daga cikinsu har sun fara karɓar dusa a wurin wani. Yaya ya yi mako biyu a gida, yana zagaya tsakar gida kamar wanda aka ɗaure. Ranar da na gan shi zaune a bakin rumfa da rana tsaka, hannu a gwiwa, ba ya ko magana da jakar, sai na rufe keken ɗinki na ɗauki igiya.

Wata biyu na yi ina tafiya a gaban jaka. Ni da shekara sittin da ciwon gwiwa, ina jan dabba a titi, matan da nake wa ɗinki suna leƙowa ta taga. A kowane gida in tsayar da ita, Yaya ya sauko ya ba ta ɗan ɓawon kankana daga aljihu don ta riƙe wurin. A babban titi in riƙe ta sai mutane sun fara tsallakawa. Duk tsawon wata biyun nan bai yi mini magana a hanya ba sai ta bakin jaka. Sai ya ce, "Baƙuwa, gaya wa matar nan ta rage sauri." Ni ma in ce, "Baƙuwa, gaya masa in ya matsa mini zan sake ku a nan." Baƙuwa dai ba ta taɓa isar da saƙon kowa ba.

Wata safiya na ɗaura ɗankwali na kai hannu ga igiya, sai ya ce, "Yau ki zauna. Mu biyu za mu."

Na ce, "To."

Suna fita na cire takalmi don kada ya ji takuna, na bi su daga nesa. Layin farko lafiya. Gidan kaji na farko ta tsaya da kanta, har na ji ƙwalla ta zo mini. Da suka kai mahaɗar da ke kusa da tankin ruwa, maimakon ta yi dama sai ta karkata hagu tana bin wani mai kayan ganye. Na toshe bakina da hannu. Ƙafar amalanken ta nufi bakin kwata, saura taku biyu, sai na ji muryata ta fita da kanta: "Yaya, kwata!"

Ya ja igiya, jaka ta tsaya. Bai waiwayo ba. Ya ce, "Kin ce to."

Na ce, "Faɗawa za ku yi."

Ya ce, "In mun faɗa, ni da ita muka faɗa. Koma gida, Auta."

Na koma. Na zauna a kan keke na ɗinka hannun riga a wuya, na farke, na sake ɗinka shi a wuya. A da ƙarfe goma sha biyu yake dawowa. Aka yi ɗaya, aka yi biyu. Sau uku ina zuwa bakin ƙofa ina dawowa, ina zaginsa a zuci, ina zagin Manaja, ina zagin dillali da masu fata da duk wanda ya ƙera babur mai ƙafa uku. Sai wajen ƙarfe huɗu na ji ƙarar amalanke a layi.

Shi kaɗai ne da ita. Ƙafa ɗaya ta amalanken ta yi baƙi da taɓon kwata, wandonsa ya yage a gwiwa, jini ya bushe har ƙauri. Amma babu buhu ko ɗaya a baya, duk ya sauke. Ya kwance jakar ya ba ta ruwa, sannan ya zauna a kan turmin da ke bakin rumfa. Na kawo ruwan ɗumi da auduga na durƙusa a gabansa. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa.

Ya ce, "Sau biyu muka ɓata, sau ɗaya muka faɗa. Gobe ma mu biyu za mu." Ina cikin goge masa ciwon ya ce, "Za ki biyo mu?"

Bakina ya riga ya shirya cewa a'a. Kalmar tana kan harshena, mai laushi, irin wadda na saba ba shi. Na matse audugar a cikin ruwa na ce, "Zan biyo ku. Gobe da jibi da gata. Ka yi fushin da za ka yi."

Ya juyo da fuska inda muryata take. Can ya janye ƙafarsa, ya saki wando a kan ciwon.

Ya ce, "To ki sa takalmi. Akwai fasassun kwalabe a layin tanki."